Saƙon da Ya Shiga Wayar Adamu

Garwa, 9 ga Mayu, 2015

Zuwa ga maigidana, Baban Hindu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na allurar shanu. Yaya Tinyer, yaya sanyin da ka ce har bargo kake rufa? Mu nan zafi ya kai mu maƙura, ruwan randa ma kamar an ɗora shi a wuta. Hindu lafiya lau, ta fara tafiya tana kama bango. Inna tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ƙafar ta yi sauƙi.

Tunda rugagen da kuke bi waya ba ta kamawa, in ta kama ma ba a gama gaisawa take yankewa, na ga gara in riƙa rubutowa ina ba direban motar Ngaundare, shi ya miƙa wa na Tinyer.

Albishirinka, na sami aiki irin wanda na karanta. Ka san Alhaji Hamadu mai siminti na babbar kasuwa? Ya sayi wata ƙatuwar gona a hanyar Pitowa daga hannun wasu 'yan gida ɗaya, ya yanka ta fili-fili, yana sayarwa ana biya wata-wata. Masu sayen galibi mahauta ne da dillalan shanu, sai mutanen da suka gudo daga bakin iyaka saboda tashin hankalin nan. Mai karɓar kuɗinsa, Madam Jeanne, mace ce mai gaskiya, amma rasit ya cika mata kwali uku. Watan jiya aka ba mutum biyu fili ɗaya, saura kaɗan su ba hammata iska a gaban biro, wato ofishin Alhaji. Shi ne Alhaji ya aiko a kira ni in rubuta masa manhajar kwamfuta da za ta riƙe lissafin duka.

Ga yadda na tsara ta. Kowane fili yana da lamba, da sunan mai shi, da lambar wayarsa, da abin da ya biya, da abin da ya rage. A wani gefen kuma akwai abin da Alhaji ya biya masu gonar da abin da suke binsa. Na sa taswirar wurin a fuskar kwamfuta: wanda ke biya a kan kari filinsa kore ne, wanda ya ɗan makara rawaya, wanda ya yi nisa a baya ja.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Alhaji ya ce duk wanda bashinsa ya kai na wata uku, filin ya zama ja, manhaja ta aika masa gargaɗi ta waya, in bai cika ba a mayar da filin kasuwa. Na ce masa dokar ta yi tsauri. Bai yi fushi ba. Ya ce masu gonar manoma ne, su ma 'ya'ya gare su, ya yi musu alkawarin cikon kuɗinsu kafin ƙarshen shekara, in masu saye ba su biya ba da me zai cika? Na rubuta yadda ya ce.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin aikin. Tun da na gama karatu ban da buga takardun mutane ba abin da nake yi. Ko da wutar nan da ake ɗaukewa kullum, wai ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ban gaji ba.

Ka kula da kanka a dajin nan. Allah ya tsare mini kai.

Taka,
Luba


Garwa, 28 ga Yuni, 2015

Baban Hindu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ibada, yaya shan ruwa a ruga? Na ji daɗin wasiƙarka da zumar da ka aiko, Inna ta riƙe ta ta ce tata ce. Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, kogin Binuwai ya fara cika.

Manhaja ta fara aiki. Ranar da muka gama shigar da rasit ɗin Madam Jeanne, Alhaji ya zauna gaban kwamfuta yana taɓa fili ɗaya bayan ɗaya, yana dariya kamar an yi masa kyauta. Ni kuwa da taswirar ta fito gaba ɗaya sai gabana ya faɗi. Ɓangaren gabas kusan duk ja ne, kuma nan ne 'yan gudun hijira suka saya kusa da juna don su sake zama maƙwabta.

A cikinsu akwai wata da nake so in ba ka labarinta, sunanta Karimatu. Daga Amcide ta bakin iyaka suka gudo bara, ita da mijinta Adamu da yara uku. Shi dillalin shanu ne. Da suka iso ya ba da kafin alƙalami na fili mai kyau, ya biya wata biyu cur. A watan Fabrairu ya koma arewa don ya fito da sauran shanunsa da ya bari a hannun wani makiyayi. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Ta kira wayarsa har ta gaji, kullum a kashe. Ba a ce mata ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Yanzu waina take toyawa a bakin mayanka. Duk ranar Litinin sai ta zo biro da kuɗi a ƙulle a bakin mayafi, sefa dubu biyu, wani lokaci dubu da ɗari biyar, duk tsaba mai maiƙo. Ba ta taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Amma abin da ake bukata a wata dubu goma sha biyar ne, don haka a wurin manhajata ita da wanda ya yi watsi da filinsa duk ɗaya ne. Filin da sunan Adamu yake. Madam Jeanne ta taɓa ba ta shawarar a mayar da shi sunanta, ta ƙi. Ta ce in ya dawo ya tarar an cire sunansa, me za ta ce masa?

Ba ta iya karatu ba, amma ta tambaye ni me ya sa nata wurin ja ne na maƙwabcinta kore. Na ce mata launi ne kawai na aiki. Ta kalle ni, ta ce Allah ya sa mu dace, ta fita. Na san ta gane.

Gargaɗin da na rubuta da Faransanci gajere ne: mai fili lamba kaza, bashinka ya kai kaza, ka zo ka biya ko ka rasa filinka, ga lambar biro. Na sa manhaja ta riƙa sake aika shi duk mako har sai ya shiga. Lokacin da nake rubuta shi burina ya zama gajere don kada ya ci kuɗin saƙo biyu. Ban yi tunanin wanda zai karanta ba. Na Karimatu wayar Adamu yake zuwa, yana dawowa da alamar bai shiga ba. Wannan kaɗai ya ɗan sanyaya mini rai.

Ka sa mu a addu'a cikin watan nan mai albarka. Hindu tana kiran duk mai farin gilashi Baba.

Matarka,
Luba


Garwa, 30 ga Yuli, 2015

Baban Hindu,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da gajeruwar takardar nan.

Ran Litinin da safe na buɗe kwamfuta ina duba saƙonnin da suka fita. A gaban sunan Adamu sai na ga alamar an karɓa. Na ɗauka kuskure ne daga wurina, na bi aikin layi-layi, ban ga kuskure ba. Wayar mutumin da ya ɓace tun Fabrairu tana kunne.

Na kira Madam Jeanne na nuna mata. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ɗauki wayar biro ta buga. Ta yi ringin har ta katse, ba a ɗaga ba. Da muka sake bugawa an kashe.

Ba mu gama mamaki ba sai ga Karimatu ta shigo da kuɗinta. Na karɓa, na buga mata rasit, na tambayi yara. Ban gaya mata ba. In na ce mata wayar mijinta ta kunnu, ta yi ta murna, daga baya ya zama ɓarawo ne ya tsince ta, ko waɗanda suka kama shi ne ke riƙe da ita, na kashe ta sau biyu. In kuma na yi shiru, mijinta ne, ina da ikon ɓoye mata? Madam Jeanne ta ce mu jira mu sami abin kamawa tukuna. Alhaji ya ce kada mu sake kiran lambar, ba mu san hannun da take ba, kuma a halin da ake ciki yanzu kira ɗaya yana iya jawo wa mutum tambayoyin da ba zai iya amsawa ba.

Na san kafin amsarka ta iso abin da zai faru ya faru. Amma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Kuma tun ranar ban daina tunaninka ba. Ana ta maganar masu ɗauke makiyaya a dajin Adamawa suna neman kuɗin fansa. Da ina jin labarin kamar na wasu ne. Don Allah kada ka riƙa kwana a ruga in kana da halin komawa gari.

Taka,
Luba


Garwa, 12 ga Agusta, 2015

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu duka lafiya, alhamdu lillahi. Wasiƙarka ta iso jiya, ka ce in gaya mata gaskiya ko da mai ɗaci ce. Na gode. Sai dai al'amarin ya riga ya zo da kansa.

Ran Alhamis wayar biro ta yi ƙara, Madam Jeanne ta ɗaga. Na ga fuskarta ta canza, ta yafito ni da hannu. Wani dattijo ne, ya ce sunansa Alphonse, manomi ne kuma mai koyar da addini a majami'ar wani ƙauye da ke gindin duwatsun Mora. Da wayar wani ya kira, ba da ta Adamu ba.

Ga abin da ya faɗa. A cikin Fabrairu, ya fita duba rumbunsa da sassafe, ya tarar da mutum kwance a bayan shinge da raunin harbi a cinya. An tare su a hanya shi da makiyayin, an kore shanun, shi ya ja jiki har ya kai nan. Alphonse da matarsa suka shigar da shi ɗaki, suka wanke raunin, suka ba shi kunu. Hanyar asibiti a lokacin ba ta biyuwa. Ya ce sunansa Adamu, ya ce iyalinsa suna Garwa, amma zazzaɓi ya rufe shi kafin ya faɗi unguwa. Kwana biyu ya yi ya cika. Alphonse ya je ya kira Musulmin da ke ƙauyen, suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka binne shi a maƙabartarsu.

Wayar kuma ya naɗe ta a tsumma ya tura cikin rufin ɗaki. Tsoro yake ji a same shi da wayar baƙo daga bakin iyaka. Ya ce abin ya yi ta cin ransa, duk lokacin da ya durƙusa addu'a sai ya tuna akwai matar da ke jira. Rannan ya kai wayar kasuwa aka yi mata caji, ya kunna. Sunayen da ke ciki bai san su ba, bai yarda ya kira ko ɗaya ba. Sai saƙona ya shigo, da sunan biro da lambar Garwa. Ya yi mako yana juya abin a ransa kafin ya kira.

Ka san abin da ya fara tambaya bayan ya gama? Wai da gaske za a ƙwace filin marigayin? Ya ce shi ba mai kuɗi ba ne, amma yana da akuya biyu. Madam Jeanne ce ta amsa masa.

Ba mu jira Litinin ba. Alhaji da kansa ya ce aikin maza da malamai ne, ya ɗauko limamin unguwar su Karimatu, muka tafi tare, ni da Madam Jeanne muna baya. Ɗaki ɗaya take haya ita da yaran a unguwar Yelwa. Da ta gan mu mu huɗu a bakin ƙofa, ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna tun kafin kowa ya buɗe baki. Liman ya faɗa mata a hankali. Ta yi salati. Sannan ta ce, "An yi masa salla?" Aka ce an yi. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Abin da ke hana ni barci ke nan, kada ya zama a daji ya ƙare kamar dabba."

Sai da ta tambayi ranar da za ta shiga takaba ne ta fashe da kuka. Liman ya ce daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, kwanakin sun riga sun cika tun cikin watan Yuni. Ta ce ashe lokacin da ya kamata ta zauna masa tana bakin mayanka tana toya waina. Liman ya ce ba laifi a kanta, Allah ya san ba ta sani ba. Duk da haka ta ce za ta zauna kwana bakwai, ana ta zuwa mata gaisuwa. Mutanen Amcide sun cika layin.

A rana ta uku na gaya mata cewa na ga alamar saƙon tun ran Litinin ɗin da ta zo biya, na yi shiru. Ta ce da na faɗa, da ta sayar da kaskonta ta kama hanyar Mora a ranar. Sannan ta miƙo mini ruwa.

Ka yi masa addu'a, ko da ba ka san shi ba.

Taka,
Luba


Garwa, 18 ga Oktoba, 2015

Baban Hindu, abin alfaharina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Barka da ganin ƙarshen damina. Na ji daɗi da ka ce an sa ranar hutunka a Nuwamba, Inna har ta fara kiwon zakara dominka. Hindu tana gudu yanzu, sai ka zo ka gani.

Ka tambayi yadda aka ƙare da maganar filaye. Bayan zaman makoki na sami Alhaji na ce ina so in gyara manhaja. Na nuna masa cewa cikin filayen da suka yi ja, fiye da rabi masu su suna kawo wani abu duk mako, kaɗan ne kawai. Na roƙe shi a raba su da waɗanda suka daina zuwa sam. Na kuma ce a yi wa wanda aka yi wa rasuwa rangwamen lokaci, a buɗe wurin rubuta magada, a sake rubuta gargaɗin da harshen da ake yi wa mutum magana, har da Fulatanci da Hausa.

Mun kai ruwa rana. Ya ce tausayi ba zai biya masu gona ba, su ma ba su ci laifin kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na zauna na lissafa masa abin da ƙananan biyan nan za su tara zuwa Disamba. Bai kai ba, akwai giɓi babba. Ya yi kwanaki bai ce mini komai ba, har na ɗauka aikina ya ƙare. Ashe zuwa ya yi wurin masu gonar. Ya zauna da babbansu a gaban jauro, wato dagacinsu, ya gaya musu halin da ake ciki bai rage komai ba. Suka yarda su karɓi rabi a Disamba, rabi bayan an sayar da auduga, shi kuma zai ba su siminti su gyara ɗakunansu. Ƙaramin cikinsu bai so ba, har yanzu ba ya gaishe shi. Sannan ba kowa ya tsira ba: filaye tara sun koma kasuwa, na mutanen da muka nema muka rasa. Na adana abin da kowannensu ya biya da sunansa, ko za su ɓullo wata rana.

Karimatu ta je Mora bayan babbar salla, da ƙanin Adamu. Alphonse ya tarbe su a tasha, ya kai su kabarin, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu har suka gama addu'a. Ya ba ta wayar da zoben azurfa da agogo, duk a naɗe. Ita kuma ta kai wa matarsa turmin atamfa da ta ci bashi ta saya. Alphonse da limamin ƙauyen suka sa hannu a takardar shaida, da ita aka yi takardar rasuwa.

Ran Litinin da ta wuce ta zo biro da yaran duka uku, an yi musu wanka an shafa musu mai. Ta ajiye takardar a kan tebur ta ce a sa sunayensu. Na buɗe shafin filin, na rubuta nata, na rubuta Hassan, Fadimatu da Mairamu, kowa da rabonsa yadda liman ya raba. Saura a sauke sunan Adamu daga matsayin mai fili. Manhaja ta fito da tambayar da ni na sa mata: ka tabbata? Hannuna yana kan maɓallin, na kasa dannawa.

Ta lura. Ta ce, "Wanne ne?" Na nuna mata. Ta ce, "Matsa, ƙanwata. Ni ya bar wa."

Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba a rayuwarta. Ta goge yatsanta a mayafi, ta yi bismilla, ta danna da ƙarfi kamar mai dangwala hannu a takarda. Sannan ta kwance bakin mayafin ta zube dubu biyu a gaban Madam Jeanne, ta ce a rubuta rasit da sunan Hassan, shi ne babba, ya fara sabawa.

Sai ka zo. Ka taho mini da man shanu in ka samu mai kyau. Inna da Hindu suna gaishe ka, Madam Jeanne ma ta ce in miƙa gaisuwarta. Allah ya kawo mini kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Luba